Muryar Baffa da Na Bari a Tsohuwar Kwamfuta

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya kai kan wannan shafi. Da hannuna na rubuta wannan takarda, kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da dama, don haka in an ga gargada a yi mini uzuri.

A lokacin da abin ya faru, ni manomi ne mai shekara hamsin da 'yan kai, a wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Bici, inda gona ke manne da gona har in ka yi atishawa a taka maƙwabcinka zai amsa maka daga tasa. Na yi karatun allo ina yaro, amma boko bai shiga gidanmu ba. Sai da furfura ta fara fito mini a gemu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da la'asar a firamaren garinmu. Ba ni ne mafi saurin ganewa ba. Abin da aka san ni da shi shi ne haƙuri: ina iya zama kan baƙi ɗaya har sai ya zauna mini. Wani mahauci da muke aji ɗaya, wanda abokin wasana ne, yakan ce wai in aka ba ni jiran tafasar dutse zan nemi tabarma in zauna. Saboda wannan hali ne Malaminmu ya ɗora ni shugaban aji, ya kuma riƙa barin kayan karatu a hannuna. Ni kaina na yarda cewa haka nake, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Muna da kwamfuta guda ɗaya, irin wadda ake naɗewa a saka a jaka. Aro ce daga wani Alhaji, tsohon hedimasta da ya yi ritaya. A cikinta akwai wata tsohuwar manhajar koyon karatu da ke furta baƙaƙe da Hausa, tana ɗaukar murya, tana kuma ajiye aikin kowa a ƙarƙashin sunansa. Malam ya ce mana manhajar ta tsufa, ba ta yarda ta yi aiki a kwamfutocin yanzu, shi ya sa ya gina mata wata kwamfuta a cikin kwamfutar. Ba ta da jiki, ba a taɓa ta da hannu, amma in ka danna ta sai ta kunnu da fuskarta da komai nata, kamar ɗaki a cikin ɗaki. Mu dai muna ce mata ta ciki. Duk abin da muka yi cikin shekara biyu, a ta ciki yake.

Akwai wani abu a cikinta da ya fi darasi nauyi. Mahaifina da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, gandu ɗaya suka noma. Bayan rasuwar mahaifina aka raba, amma akwai wani ɗan tsiri a arewacin gonar, kunyoyi kamar goma sha biyu, da ni da babban ɗan Baffa kowa ke ganin nasa ne. Ba mu taɓa ɗaga wa juna murya a kai ba, domin Baffa na raye. Da jikinsa ya fara rauni, shi da kansa ya aiko a kira ni, ya ce ya ji wai injin makarantarmu yana riƙe magana, in kawo masa ya faɗi iyakoki kafin ya tafi. Muka je zaurensa ni da Malam. Baffa ya zauna ya bi gonar da baki, daga gawon gabas zuwa layin gamba, daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, har ya zo arewa ya ce tsirin nan na yayansa ne, wato mahaifina, aro mahaifina ya ba shi shekarar da shi Baffan ya yi aure. Ɗansa ba ya nan, yana kudu wajen fataucin raguna. Baffa ya rasu kafin ya dawo. Da ya dawo na faɗa masa, sai ya ce shi ba zai yi jayayya da mahaifinsa ba, in ya ji da kunnensa ya bar mini har abada. Mai unguwa ya sa ranar da za a zauna a saurara, aka kuma ce kada kowa ya shuka tsirin sai an ji.

Ana cikin haka abubuwa biyu suka haɗu. Aka ba ajinmu sabuwar kwamfuta, Alhaji kuma ya aiko cewa yana son tasa domin 'yarsa za ta fara karatu a Bici. Malam kuwa an tura shi kwas na mako biyu a Zariya, kuma ranar da zai tafi ne saƙon ya iso. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani cewa sabuwar da tsohuwar ba tsari ɗaya ke tuƙa su ba, kowace da yadda take jera kayanta da yadda take kiran hanyoyinta, kamar Bahaushe da baƙon da ba ya jin Hausa. Ya ce dasa ta ciki a sabuwar aikinsa ne in ya dawo, ni nawa kawai in kwashe ta zuwa wani babban filashi da ya ba ni, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a zuba kayanta a ciki. Ya rubuta mini matakan da manyan baƙaƙe: in kashe ta ciki gaba ɗaya, in ɗauki jakar fayilolinta dukanta, kada in bar ko tsinke, in jira har ta gama, sannan in mayar wa Alhaji kayansa. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar dukanta. Ya yi dariya ya ce aikin jira ne kawai, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni iya jira.

Ranar da Alhaji ya ce zai zo kan babur ya karɓi kwamfutarsa da hantsi, ranar ce gari ya waye da ruwan shuka. An daɗe ana jiransa, kuma wanda ya taɓa noma ya san abin da wannan safiya take nufi: laimar ba ta jiran kowa, in rana ta take ƙasa ta bushe, wanda bai binne iri ba sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Ni kuma na yi ta ɗaga aikin kwamfutar saboda kai taki gona, sai ga shi ya zo mini a rana mafi muni. Bayan sallar asuba na zauna a zaure na kashe ta ciki, na ja jakarta zuwa filashin. Wani koren layi ya fito yana tafiya kamar hawainiya. Mutane na wucewa ta ƙofar gida da sungumi a kafaɗa. Mahaucin nan ya leƙo ya ce wai ɗan boko, ko injin ne zai shuka mini gero bana, in haka ne in ba shi aronsa in ya gama tawa. Na yi dariyar yaƙe. Na dubi layin, bai kai ko kwata ba. Na dubi waje, rana ta fara hawa.

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na tsayar da kwashewar, na buɗe jakar in ga me ke cikinta da yake cin lokaci haka. Na ga wani ƙaton fayil mai sunan ajinmu, an rubuta nauyinsa a gefe da lambobi masu yawa. Na ga wani ɗan ƙarami mai suna iri ɗaya. Sai kuma wata 'yar jaka a ciki wadda ba a rubuta mata nauyi ba ko kaɗan. Na leƙa ta, na ga abubuwa masu dogayen sunaye, baƙaƙe da lambobi a cakuɗe, ba abin da ke karantuwa. Sai na yi tunani irin na masussuka: ga tsaba a babban buhu, wannan kuwa ƙaiƙayi ne. Na ɗauki babban da ƙaramin, na bar 'yar jakar. Layin ya yi sauri. Ya gama daidai lokacin da na ji ƙarar babur ɗin Alhaji. Na goge kwamfutar da tsumma, na naɗe ta cikin sabon ƙyalle, na haɗa masa da ƙwaryar gyaɗa, domin a gidanmu ba a mayar da kayan aro hannu sake. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, na ɗauki sungumi na ruga gona. Washegari Malam ya bugo waya yana tambaya ko na kwashe dukanta. Na ce masa dukanta. Bakina bai ko yi rawa ba.

Mako biyun nan na yi su ina lallashin kaina. In ina noma sai 'yar jakar ta faɗo mini a rai, in ce ai ba ta da nauyi, babu komai a ciki. In na wuce ta gefen tsirin, na gan shi fayau babu shuka tsakanin koren gero, sai in kawar da kai in ƙara sauri.

Malam ya dawo saura kwana shida a zauna. Ya sa filashin a sabuwar kwamfuta, ta ciki ta ƙi tashi, ta fito da wani jan rubutu na Turanci. Bai damu ba. Ya ce dama ya zaci haka, bambancin tsarin ne, sabuwar tana neman kayan ta hanyar da tsohuwar ta saba, kuma a nan babu wannan hanya. Ya ce zai gina mata sabon mazauni ya ɗora babban fayil ɗin a kai. Ya yi ta danne-danne, can sai ga ta ta kunnu, da fuskarta da muka sani, da 'yar waƙar da take yi in ta tashi. 'Yan aji suka yi kabbara. Ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai Malam ya buɗe wurin sunaye. Babu suna ko ɗaya. Babu rubutun kowa, babu muryar kowa. Darasin farko ne kawai a buɗe, baƙin farko yana jiran a danna shi, kamar ranar da muka fara zuwa aji shekara biyu da suka wuce. Mahaucin ya ce wai to, injin ma ya maimaita aji kamar mu. Ba wanda ya yi dariya sosai.

Malam ya juyo ya sake tambayata, a hankali, a gaban kowa, ko na tabbata dukanta na kwashe. Idanun mutum ashirin suna kaina, mutanen da suka san ni da cewa ba na gaggawa. Na ce na tabbata. Wani dattijo ya ce to a je a karɓo ta wajen Alhaji mana a duba. Malam ya ce in dai an kwashe duka, abin da ke filashin shi ne ke cikin tsohuwar, ba amfanin a je a tayar wa Alhaji hankali a kan abin da aka riga aka mayar masa da godiya. Ya ce laifin na bambancin tsarin ne, kuma nasa ne da bai tsaya ya yi da kansa ba. Na gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kai shi ne mafi munin abin da na yi a duk labarin nan.

Kwana uku na yi shiru. Malam ya bar komai nasa, kullum yana kan kwamfutar, yana buga wa abokan karatunsa waya, yana gwada wannan yana gwada wancan, idanunsa sun yi ja. Ni ina zaune a gefensa ina miƙa masa ruwa, ina addu'ar Allah ya sa bambancin tsarin ne da gaske. Abinci ya daina shiga mini. Mai ɗakina ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce gajiyar noma ce. Na haɗu da ɗan Baffa a masallaci, ya riƙe hannuna ya ce yana ɗokin ranar, ba don gonar ba ma, don ya sake jin muryar tsohon, tunda bai samu ganawa da shi ba. Na rasa inda zan sa idona. A sallar ma ban san abin da liman ya karanta ba.

A rana ta huɗu da safe na tarar da Malam ya dafe kai yana cewa shi ya cuci mutane, ya ɗauki amanar mamaci ya sa a abin da bai gama sani ba. Nan na kasa daurewa. Na ce masa akwai wata 'yar jaka da na bari. Ya ɗago ya dube ni. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi yadda sunayen cikinta suke, na kwatanta masa. Sai ya yi salati. Ya ce ya tuna: ranar da ya fara gina ta ciki ya sa ta riƙe kamanninta na wannan rana, domin in mun ɓata wani abu ya iya mayar da ita. Tun daga ranar aka rufe babban fayil ɗin kamar rumbun da aka liƙe, duk abin da muka yi bayan nan a 'yar jakar yake taruwa. Ya ce jaka ba ta nuna nauyinta a gefe, ko da ta fi komai nauyi. Wato na ɗauko rumbun da babu sabon hatsi a ciki, na bar amfanin shekara biyu. Abin da ya ƙara kawai shi ne: Baba, da ka faɗa mini ranar da na dawo.

Muka tafi gidan Alhaji da sauri. Ya ce ai kwamfutar ta yi mako biyu a ɗakinsa ba wanda ya taɓa ta, sai cikin makon nan 'yarsa ta kai ta wajen mai gyara a Bici a wanke ta, wato a goge duk abin da ke cikinta, a sa mata sabon tsari. Muka tsaya bakin titi jiran bas. Ban taɓa ganin motar da ta yi jinkirin cika kamar wannan ba. Kowane ƙauye sai ta tsaya, a sauke buhu, a ɗora akuya, ni ina ƙirga itatuwan hanya ina karanta duk addu'ar da na sani. Mai gyaran mutum ne mai fara'a. Ya ce ya gane kwamfutar, aiki ya yi masa yawa ne ta kwana biyu a kan teburinsa, shekaranjiya da yamma ya wanke ta tas, ya zuba mata sabbin kaya. Shekaranjiya. Ranar ina zaune a gefen Malam ina miƙa masa ruwa. Malam ya roƙe shi ya gwada ko za a tono wani abu. Ya gwada har azahar ta wuce, ya ce sabon ya hau kan tsohon, babu abin da ya rage da zai buɗu.

Abu ɗaya ya saura mini. Malam ya taɓa ba ni aikin shifta da maganar Baffa, ina saurara ina rubutawa a littafina. Na rubuta gabas, na rubuta kudu, na rubuta yamma, sai hidimar taki ta tsayar da ni kafin in kai arewa. Da na dawo daga Bici na buɗe littafin a zaure. Rabin shafin fari ne. Na san abin da Baffa ya faɗa kalma da kalma, biron ma shi ne wanda na yi sauran da shi. In na ƙara layi uku ba wanda zai gane ba tun da can aka rubuta su ba. Na ɗauki biron. Sai na ga cewa wannan ma wata 'yar jakar ce zan ɓoye, na rufe littafin.

Ranar zama, a ƙofar gidan mai unguwa, na tashi na faɗi komai: ruwan shuka, 'yar jakar, ƙaryar da na yi sau biyu, da kwana ukun da na yi shiru. Na miƙa littafin, Malam ya karanta iyakoki uku, kowa ya ce haka suke. Aka tambayi Malam arewa. Ya ce tsakaninsa da Allah hankalinsa na kan injin a ranar, ya ji tsoho na ambaton itatuwa, amma shi baƙo ne, ba zai rantse a kan abin da bai riƙe ba. Ɗan Baffa bai ce na yi da gangan ba. Ya ce kawai abin mamaki ne a ce wurin da ake magana a kai shi kaɗai ne bai rubutu ba, kuma muryar da za ta raba gardama ta ɓace a hannun wanda ya ce ta ba shi gaskiya. Mai unguwa ya tambaye ni ko zan rantse. Na san gaskiyata, da na rantse da ban yi ƙarya ba. Amma mutumin da ya gama faɗa wa jama'a cewa ya yi ƙarya sau biyu, da wane baki zai zama shaidar kansa? Na ce na bar wa ɗan Baffa tsirin. Aka shafa fatiha.

Ya shuka wake a wurin a wannan shekarar. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da jana'iza, amma bai ƙara riƙe hannuna a masallaci kamar ranar nan ba. Ban san ko ya yarda da ni ba, kuma ba ni da abin da zan nuna masa. Kunyoyi goma sha biyu ba su ne ke hana ni sukuni ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na hana ɗa jin muryar mahaifinsa ta ƙarshe, na kuma share aikin shekara biyu na mutum ashirin da suka fara riƙe biro da furfura. Sun yafe mini, muka sake farawa daga baƙin farko. Mahaucin ya daina yi mini wasan jiran dutse, kuma na fi jin zafin wannan fiye da in ya ci gaba.

Na yi ta tunanin inda na faɗi. Gaggawar safiyar shuka kuskure ce, amma kuskuren da ke da magani, domin kwamfutar ta yi mako biyu da kwanaki tana jirana da muryar Baffa a cikinta. Abin da ya kashe ta shi ne son a ci gaba da kirana mai haƙuri. Don haka ina kira ga 'yan'uwana, musamman irina da muka zo wa waɗannan injina da girma. In an ce ka kwashe abu daga wata kwamfuta zuwa wata, kwashe dukansa, har wanda ba ka gane sunansa ba, domin abin da ido ya raina a can yana iya zama shi ne komai. Kada ka saki tsohuwar sai ka buɗe a sabuwar ka ga kayanka da idonka, ka ji da kunnenka. Maganar da ta shafi gado ko amana kuwa, kada a bar ta a wuri ɗaya, a sa ta a waya, a rubuta ta a takarda, a kira shaidu su ji tun mai ita na da rai. In kuma ka riga ka yi kuskuren, faɗe shi a ranar, tun ana iya gyarawa. Kunyar faɗa ta yini ɗaya ce. Ni na guje mata kwana uku, ga shi duk damina ina wucewa ta gefen waken nan a hanyata ta zuwa gona, kuma babu wata hanyar da zan bi.